Hannuna Ne Ya Rubuta "Cikin Gari"

Kafin ku yanke min hukunci, don Allah ku bari in kai ƙarshe. Na san wasunku tun a tsakiya za su fara cewa, "Ai ke kika ja." Ban musa ba. Amma tunda na ce ba zan ɓoye muku komai ba, ga yadda abin ya faru.

Shekarata ishirin da bakwai, kuma shekara huɗu ke nan ina aiki a ɗakin kati na babban asibitin garinmu. In kun taɓa tsayawa a gaban wata 'yar taga mai ƙarfe, wata mata a bayanta tana cewa, "Suna? Shekara? Na gaba!" ba ta ko ɗago kai, to kun gan ni. Ɗakin namu dogo ne, kantoci har rufi, fayil a kan fayil, wasu an ɗaure da roba, wasu ɓera ya ɗanɗana gefensu. Fanka ɗaya gare mu, ita ma sai ta ga dama take juyawa. Kwamfuta biyu aka kawo shekarar da na fara aiki. Ɗaya ta mutu, ɗayar muka lulluɓe da tsohon zani, a kanta muke ajiye kofin shayi.

Shugaban ɗakin Baffana ne, ƙanin mahaifinmu. Tun da Baba ya rasu shi ya riƙe mu, ni da Yayata da Mama. Shi ya kai ni makaranta, shi ya tsaya har aka ɗauke ni aiki. Mutum ne da ba ya makara, ba ya karɓar na goro, bai taɓa ɗaga wa majinyaci murya ba. Saura wata takwas ya yi ritaya bayan shekara talatin da uku a wannan ɗakin.

A gida kuwa, Mama ba ta da zance sai ɗaya.

"Ke kullum fayil, fayil. Fayil ne zai aure ki?"

"Mama, lokaci ne."

"Lokaci a taga zai same ki? Ko mai mura ne ya ce yana so, ki ɗago kai ki dube shi mana!"

To ashe a tagar zai same ni.

Ranar wata Litinin ce a farkon damina. Ina sanye da atamfa ruwan ganye da mayafi ruwan madara, takalmina duk taɓo don motar haya ta sauke ni a cikin kududdufi. Layi ya kai bakin ƙofa. Na ce, "Suna?" ban ji amsa ba. Na ce, "Malam, suna!"

"Ba kati nake so ba, Malama. Rajista nake so."

Na ɗago. Dogo ne siriri, farar riga, farin tabarau, ga wata naɗaɗɗiyar takarda a hammata kamar tabarma. Abokiyar aikina, wadda muke kira Rediyo don bakinta ba ya hutawa, ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce a hankali, "Wannan ba ciwo ne ya kawo shi ba."

Daga ma'aikatar lafiya aka turo shi. Ya nuna wa Baffa takarda, ya yi bayani cikin ladabi. Gidan sauro da maganin feshin da za a raba bana ba za su ishi gari duka ba, unguwa shida kawai za a zaɓa. Aikinsa shi ne ya ƙirga masu zazzaɓin cizon sauro na shekara uku, ya ga daga ina suka fi fitowa. Takardar hammatar tasa taswirar gari ce. Tun daga ranar Rediyo ta sa masa Mai Taswira, ni ma da haka na ajiye lambarsa a wayata.

Baffa ya ba shi tebur a lungu, kusa da kwamfutar mai zani. Ni aka ce in riƙa ɗauko masa rajista. Mako uku yana zuwa. Yana buɗe shafi, yana rubutu, yana atishawa saboda ƙura. Rana ta uku na kawo masa takunkumi. Rana ta biyar ya kawo min sabon biro, wai nawa yana tsallake haruffa. Rana ta bakwai, ina cikin motar komawa gida, saƙo ya shigo.

"Malama, na manta ban tambaye ki ba. Rajistar watan tara tana ina?"

Na rubuta, "Tana kan teburinka, ka ɗora mata hularka."

"Na gan ta. Dama dalili nake nema."

'Yan uwa, na karanta saƙon nan ya fi sau goma. Na yi murmushi har matar da ke kusa da ni ta leƙo ta ga ko kuɗi aka turo min.

Ba mai yawan magana ba ne, amma in ya yi sai ta zauna. Bai taɓa ce min ina da kyau kamar wata daren sha huɗu ba. Cewa ya yi, "Na lura kina tambayar tsofaffi sau biyu in ba su ji ba, ba kya musu tsawa." Wallahi wannan ta fi shiga raina. Kafin wata ya ƙare ya zo gidanmu da yamma ya gaishe da Mama. Ranar Mama ta sa an goge falo sau biyu, ta fito da kofunan da ba a taɓa sai baƙo ya isa baƙo, ta sa ni canza mayafi sau uku. Da ya tafi ta bi bayansa da kallo ta labule, ta ce, "Ƙashi ne kawai, amma za a iya gyara shi da abinci."

A mako na huɗu ne ya shimfiɗa taswirar a teburinsa ya kira ni.

"Zo ki ga garinku."

Ya ɗiga jan biro a kowace unguwa, ɗigo ɗaya mutum goma. Wasu wuraren sun yi ja, wasu tsilli-tsilli. Na bi da yatsa har na sami unguwarmu, wadda ke gangaren babbar kwata, inda ruwa ke kwanciya tun farkon damina har bayan ta wuce. Fari fat. Ko ɗigo ɗaya babu.

Na yi dariya. "Ka yi kuskure. A unguwarmu sauro ne masu gida, mu 'yan haya ne."

Bai yi dariya ba. "Mutum tara na samu a shekara uku."

"Tara? A layinmu kaɗai bara an fi tara."

"Na yarda. Amma takarda ba ta ce haka ba." Ya jawo wata rajista ya buɗe. "Dubi gurbin unguwa."

Na duba. Cikin gari. Cikin gari. Cikin gari. Daga saman shafi har ƙasa, sai jefi-jefi ka ga an rubuta sunan wata unguwa.

"A cikin kowane mutum goma, bakwai 'cikin gari' aka rubuta musu," in ji shi. "Ban san inda zan ɗiga su ba. Waɗanda aka rubuta wa unguwa yawanci masu zuwa da rana ne, bayan layi ya ragu. Masu sammako, waɗanda suka kwana da yaro jiki zafi, su ne 'cikin gari.' Ga gurbin gwajin jini, rabinsa babu komai, ban sani ba zazzaɓin sauro ne ko wani ciwon ne aka kira da sunansa. Ga wannan matar kuma, lamba uku gare ta, sai ka ce mutum uku ce."

Yana magana, ni kuwa ba shafin nake gani ba, rubutun nake gani. Yadda "g" ɗin ke lanƙwasa jela. Hannuna ne. Ni na rubuta. Da safe in mutum ɗari biyu suka tsaya a tagar, kowa na goye da mai kuka, wa ke da lokacin "wace unguwa, wane layi, kusa da ina"? Haka na tarar ana yi, haka na ci gaba. Ban taɓa tunanin akwai ranar da wani zai buɗe littafin nan ya raba gidan sauro da shi ba. Ni a ganina rajista kabari ce, abin da ya shiga ya shiga.

Ya san hannuna ne. Mutumin da ya ba ni biro don nawa na tsallake haruffa, ta yaya ba zai sani ba? Amma bai ambaci sunana ba. Ya naɗe taswirarsa.

"To yanzu unguwarmu fa?" na tambaya.

"In da wannan aka yi aiki, ba ta cikin shidan."

Maganar ba ta kwana ba. Rediyo ce, me kuke tsammani? Kafin la'asar shugaban asibiti ya ji, ya ce yana son rahoton ya nuna masa dalla-dalla wa ya cike kowace rajista, wa ya sa hannu a ƙarshen wata. Mai sa hannu a ƙarshen wata kuwa mutum ɗaya ne: Baffa.

Da yamma ya zo gidanmu, abin da ba ya yi sai ranar hutu. Bai zauna a kujerarsa ba. Ina kicin ina jin su shi da Mama.

"Shekara talatin da uku ba a taɓa kirana ofis an tuhume ni ba," in ji shi. "Sai yanzu da na ɗaure kayana yaro zai zo da jan biro ya zubar min da mutunci. Na rubuta takarda ta fi ashirin ina neman ƙarin ma'aikata. Wa ya amsa? Mutum uku ga gari guda!"

Da ya tafi Mama ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa. Matar da jiya take cewa za ta gyara shi da abinci, yau fuskarta ba annuri.

"Ki ce wa yaron nan naki ya sassauta rahotonsa."

"Mama, aikinsa ne."

"Aikinsa ne ya tona asirin wanda ya riƙe ku? In yana sonki da gaske ya san yadda zai yi. In kuma ba zai iya ba, to ki sani a wurin Baffanki zai je neman aurenki, ba a wurina ba. Da wane ido zai dube shi? Ke da wane ido za ki dube shi?"

Na miƙa hannu zan buɗe ƙofa, sai ta ƙara da cewa:

"Ina son in ga aurenki, Allah ya sani. Amma ba a kan wuyan mutumin nan ba."

Kwana huɗu ban amsa saƙon Mai Taswira ba. "Lafiya?" "Na ɓata miki rai ne?" "Ko gaisuwa ce ki amsa." A ofis ina ajiye masa rajista kamar mai ajiye wa baƙo ruwa, in juya. Na ƙi cewa ya sassauta, na kuma ƙi cewa kada ya sassauta. Na zama kamar kazar da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya.

Ana cikin haka Yayata ta zo asibiti da 'yarta.

Shekararta uku, muna kiranta Mitsitsiya don ƙanƙantarta, amma bakinta ya fi na Rediyo. Ita ce ke jirana a ƙofa kullum ta caje jakata. Mako biyu kafin nan ta yi zazzaɓi, aka gwada, aka ba ta magani, ta ɗan warware. Ranar kuma jikin ya dawo. Yaya ta zagayo ta bayan taga, yarinyar a kafaɗarta ta yi laushi.

"Don Allah nemo mana katinta, layin nan ba zan iya ba."

Na duba inda ya kamata ya kasance, babu. Na duba kanta ta sama, na duba tarin da ba a mayar ba tun makon jiya, babu. Mutane na buga taga. Sai na yi abin da nake yi kullum.

"Kawo in buɗe mata sabo, ya fi sauri."

Gata nake ganin na yi musu. Na rubuta suna, na rubuta shekara, na miƙa. Minti biyu.

Likitan da ya gan su ba shi ne na wancan karon ba, kuma mutum sittin ke jiransa a waje. Ya buɗe kati ya gan shi fari, yarinya ta zo karon farko. Bai tambaya ba, Yaya kuma ta ɗauka komai na rubuce. Ya rubuta irin maganin da ta gama sha, ya ce su koma gida.

Bayan kwana biyu, ina cikin cike kati da hantsi, wayata ta yi ƙara. Muryar Yaya ban taɓa jin ta haka ba.

"Tana jijjiga! Idonta ya kafe! Muna bakin ƙofar asibiti!"

Ban san yadda na fita ba. Takalmi ɗaya na bari a ƙarƙashin tebur. A ɗakin gaggawa na tarar an kwantar da ita, nas biyu na neman jijiya a wannan ɗan hannun, tafinta fari kamar takarda. Babbar likitar yara, wata dattijuwa mai gajeren haƙuri, tana jujjuya katin.

"Yaushe ta fara?"

"Yau kusan mako uku ke nan tana yi yana dawowa," in ji Yaya tana kuka.

"Mako uku? Nan an rubuta shekaranjiya ta fara zuwa. An taɓa ba ta magani?"

"An ba ta. Sau biyu."

Likitar ta buga katin a tebur. "To ina tsohon katin? Da an ga zazzaɓi ne ya dawo bayan magani, da ba a sallame ta haka ba. Da an duba jininta tun shekaranjiya. Wa ke buɗe wa mutane sabon kati kamar tikitin mota?"

Ina tsaye a bayanta da takalmi ɗaya. Yaya ta juyo ta dube ni. Kallo ɗaya ta yi min. Har yau da nake rubuta muku wannan, na gwammace da ta mare ni.

Aka ce sai an yi ƙarin jini. Mijin Yaya ya yi tafiya, jinina kuma bai dace ba. Ina jingine da bango na ji an ce, "A gwada nawa." Mai Taswira ne. Rediyo ta gaya masa. Ya naɗe hannun farar rigarsa ya bi nas, bai ko kalli inda nake ba. Wannan ƙashin da Mama ke faɗa, leda guda aka ɗiba a jikinsa. Da ya fito yana tangaɗi, Mama da ta iso a lokacin ta kama hannunsa ta zaunar da shi, ta ɓalle lemon kwalba ta riƙe masa a baki kamar ɗanta. Ba wanda ya ambaci rahoto.

Kwana uku Mitsitsiya ta yi ba ta san wanda ke kanta ba. A na huɗu da safe ta buɗe ido, ta dube ni, ta ce, "Anti, ina jakarki?" Na fita waje na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba.

A ranar, bayan an tashi aiki, na tsaya har kowa ya watse. Baffa na kulle durowa.

"Baffa, ina da magana."

"Ina ji."

"Ni na buɗe mata sabon kati. Na nemi tsohon ban gani ba, ban ƙara nema ba." Na matso kusa da shi. "Kuma 'cikin garin' nan da ake magana, yawancinsa hannuna ne. Kai sa hannu kawai kake yi, ka yarda da ni ne. Mama ta ce in roƙi mai rahoton nan ya sassauta. Baffa, ka yafe min, ba zan iya roƙonsa ba. A ɗakin yaran nan gado goma sha biyu ne, na tambayi iyayen ɗaya bayan ɗaya. Bakwai daga unguwarmu suke. A rajista kuwa duk 'cikin gari' ne."

Ya daɗe yana jujjuya makullan a hannunsa. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya zauna a kujerata, ta bakin taga, ya dubi inda layi ke tsayawa.

"Lokacin da na fara aikin nan," ya ce, "sai na rubuta unguwa, da layi, da sunan mai gidan. In mutum bai dawo karɓar sakamako ba, da keke nake binsa. Ban san ranar da na daina ba. Ba rana ɗaya ba ce." Ya share fuska da tafin hannu. "Ke ba ki ƙirƙiro ba, 'yar nan. A hannuna kika gani."

Ya ciro wani tsohon makulli daga cikin tarin ya ajiye a tebur.

"Ki ce wa yaron nan ya zo ranar Asabar da taswirarsa."

Ranar Asabar na sa doguwar riga baƙa wadda ba na jin tausayinta, na ɗaure kai da ɗankwali. Makullin na ɗakin ajiya ne na baya, inda katunan marasa lafiyar da aka kwantar suke. Ashe nas-nas na ɗakin kwanciya suna rubuta sunan uba da na wanda ya kawo majinyaci, wani lokaci har da kwatance. Baffa ya zo da tabaraunsa na karatu da kujerar roba. Mai Taswira ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya ce, "Shimfiɗa."

Abin da na gani ranar ba zan manta ba. Ina ɗauko kati ina karanta suna, Baffa na lumshe ido.

"Wannan jikan mai gyaran rediyo ne, gidansu na bayan makarantar firamare. Ɗiga a can."

"Wannan fa, Baffa?"

"Matar direban motar ruwa. Sun tashi daga tsohon gidansu shekara biyu ke nan, suna gangaren kwata yanzu. Ɗiga."

Wanda bai sani ba sai ya ce, "Ban sani ba, ajiye gefe, kada mu yi ƙarya." Mai Taswira ya ware musu tari daban, ya ce duk wanda aka gano ta bakin Baffa zai rubuta cewa ta haka aka gano. Rediyo ta zo da rana da abinci, ta zauna tana kiran lambobin wayar da ke jikin wasu katunan tana tambayar unguwa. Karon farko da bakin nan nata ya yi wa gari amfani. Kafin azahar unguwarmu ta fara yin ja. Ban taɓa zaton zan ga ja a kan gidanmu in ji sanyi a raina ba.

Da aka kira salla Baffa ya cire tabarau ya dubi Mai Taswira sosai.

"Na ji kana zuwa gidan ɗan'uwana."

Ya sunkuyar da kai. "Haka ne, ranka ya daɗe. Ina so in turo manya, in ka ba da izini."

Ni dai na nutse a bayan kanta, ina riƙe da kati a juye.

"To ka ji sharaɗina. Rahoton nan ka rubuta shi yadda ka gani. Ka rubuta mutum uku ne ke yi wa gari guda aiki, don gaskiya ne. Ka rubuta na sa hannu a kan abin da ban duba ba, don shi ma gaskiya ne. In na ji ka cire suna ko ka rufe wani abu don kana neman 'yata, ba zan ba ka ita ba. Wanda ya yi wa takarda ƙarya don mace, gobe zai yi wa macen ƙarya don wani abu."

"In sha Allahu, ranka ya daɗe," ya ce. Amma na lura muryarsa ta shige ciki.

Suka fita masallaci, Rediyo ta bi su da kwanuka. Na rage ni kaɗai. Ina tattara teburinsa don kada fanka ta watsa takardu, sai ga rahoton a ƙarƙashin taswira, an buga shi, an maƙale da ƙarfe. Ku gafarce ni, na buɗe. Ku ma da kun buɗe.

A shafin ƙarshe akwai jadawalin da shugaban asibiti ya nema: wata, rajista, wanda ya cike, wanda ya sa hannu. Sunan Baffa na nan daga sama har ƙasa. Sunan Rediyo na nan a watanninta. Na nemi nawa. A duk watannin da ni na cike, wata ashirin da biyu cif, abu ɗaya ya rubuta: "Ba a gane rubutun ba."

Na zauna a kujerar robar Baffa. Kashi biyu zuciyata ta rabu. Rabi na cewa, "Kin ga so? Mutumin da ba ya ƙara ɗigo ɗaya a taswira sai da hujja, ya yi ƙarya saboda ke." Rabin kuma na tuna min kallon da Yaya ta yi min a ɗakin gaggawa. In sunana ya fito, takardar gargaɗi ce mafi sauƙi, za a iya ɗauke ni daga ɗakin, za a iya fin haka. In bai fito ba, tsoho mai saura wata takwas da Rediyo su ɗauki kayana a ka, ni kuma in shiga gidan aure da wannan a ƙirji. Baffa kuwa ya san hannuna kamar yadda ya san nasa. Ranar Litinin za a miƙa rahoton.

Na mayar da shi yadda na gan shi. Da suka dawo na ci gaba da karanto sunaye kamar ba komai, har aka tashi da la'asar. Mai Taswira ya ce zai rage min hanya, na ce zan bi Baffa.

Ina shiga gida Mama ta tare ni da fara'ar da rabona da ita tun kafin ciwon Mitsitsiya. Baffa ya riga ya kira ta. Har ta fara lissafin wa za a gaya wa, wa za a bari ya ji a gari. Na ce kaina ke ciwo, na shige ɗaki, na zauna bakin gado da rigar ƙurar a jikina. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na tura wa Mai Taswira layi biyu.

"Na ga shafin ƙarshe. Ka gane rubutun, ni ma na gane shi. Ka mayar da sunana kafin Litinin, ko in je wurin shugaba in faɗa da bakina."

Alama ta nuna ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Daga falo Mama na ƙwala min kira in zo in ga atamfar da ta ciro daga ƙasan akwati. Sai wayar ta yi ƙara a hannuna. Ba saƙo ya turo ba, kira ne.

Na share hawaye da gefen ɗankwali, na ɗauka.

"Ki fito," ya ce. "Ina ƙofar gidanku, kuma Baffa na tare da ni. Tun kafin saƙonki na nuna masa shafin."